Dokin Kara da Shanun Laka: Ziyarar Dandalin Yara a Ƙasar Gumel

Wanda ya taso daga Kano ya nufi Gumel, da ya wuce Gujungu zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Farin rairayi ya mamaye gefen titi, itatuwa sun ba juna tazara: gawo nan, aduwa can, kuka ita kaɗai a tsakiyar gona, sai jerin dogon-yaro da aka dasa don tare iskar hamada. In bayan kaka ne, an gama yankan gero da dawa, kara ya cika gonaki, wani a zube, wani an ɗaure shi dami-dami ana jiran amalanke. Manya in sun dubi karan nan danga suke gani, da makamashi, da abincin dabbobi. Yara kuwa doki suke gani, da mota, da gadon 'yar tsana.

Tafiyar kilomita wajen 120 ce daga Kano. Masarautar Gumel, wadda ake yi wa kirari da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu a arewacin Jihar Jigawa: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mangawa ne suka kafa ta wajejen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma, ta ci gaba da bin Barno ko bayan jihadin Shehu Usmanu, kuma a 1845 aka taso da fadar daga Tumbi, da ke cikin Nijar a yau, zuwa inda take yanzu. Baƙi kan zo ne don kasuwar dabbobi, ko sayen riɗi da zoɓo, ko kallon hawan sallah. Ni abin da ya kai ni bai kai waɗannan girma a idon mutane ba. Na je ne in ga yadda ƙananan yara ke wasa, da abin da wasan ke koya musu kafin a ɗora musu allo a cinya ko a damƙa musu alli.

Gumel: hawan da ba ya jiran sallah

Da yamma, bayan an tashi daga Islamiyya, lungunan cikin garin Gumel na yara ne. A ɗaya daga cikinsu na tarar hawa ya kankama. Kowane yaro ya zaɓi kara mai kauri ya sa tsakanin ƙafafunsa, an lanƙwasa kan karan an ɗaura tsumma ya zama linzami, wani har ya liƙa ledar alawa mai ƙyalli don kwalliyar doki. Sarki ya naɗa ɗankwalin uwarsa, wani na biye da shi ɗauke da murfin bokiti a kan sanda, lema ke nan. Ga dogari, ga maroƙi, ga mai dukan gwangwanin madara. Mahaya suka ja da baya har ƙarshen lungu, suka zaburo a guje, ƙura ta tashi, suka ja linzami daf da sarki suka ɗaga hannu suna jinjina. Sarkin Gumel Alhaji Ahmad Muhammad Sani ya hau gadon sarauta tun 1980, ke nan iyayen yaran nan ma hawansa suka taso suna kwaikwaya a waɗannan lungunan.

Gardamar da ta biyo baya ta fi hawan daɗin kallo. Wani ƙarami da bai fi shekara huɗu ba ya kafe shi ma sai ya yi sarki. Yayyensa suka gindaya masa sharaɗi: sarki ba ya sukuwa, ba ya dariya, ba ya ɗaga murya. Ya ce ya ji. Aka naɗa shi, ya tsaya cak, ya haɗe rai, ya daure har mahaya suka gama gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo da ke kan dakali yana jan carbi ya dube ni yana murmushi ya ce, “Malam, jikana ne wannan. A gida ko ɗaure shi ka yi ba ya zama.”

Abin da dattijon ya lura da shi, wani masanin halayyar yara ɗan Rasha, Lev Vygotsky, ya yi lacca a kansa a 1933, kuma misalin da ya kawo shi ne na yaron da ya hau sanda ya kira ta doki. A fahimtarsa, ranar da yaro ya yarda kara ya tsaya a madadin doki, ya taka matakin farko na gane cewa abu yana iya wakiltar wani abu. Wannan matakin ne zai buƙata ranar da malami zai zana masa alama a allo ya ce wannan baƙi ne, yana da sauti, yana da ma'ana. Ya kuma lura cewa a cikin wasa yaro kan bi ƙa'idar da ba zai bi ba in babba ne ya kafa masa, domin shi ya zaɓi matsayin da kansa. Haƙurin da sarkin lungu ya yi, shi ne dai haƙurin da zaman aji zai nema daga gare shi nan da shekara biyu.

A ƙofar gidaje kuwa 'yan mata ne. Ƙanana sun jera gwangwanayen tumatir a kan duwatsu uku suna tuƙa tuwon ƙasa, miyar ganyen dogon-yaro ce, kuma akwai wadda aikinta rabo: malmalar maigida daban, ta baƙo daban, ta yara daban. Wata ta goya 'yar tsanar totuwar masara da tsumma tana jijjiga ta. Waɗanda suka ɗan tasa sun zauna zagaye suna carafke. A cilla tsakuwa ɗaya sama, a kwashi na ƙasa, a cafe ta saman kafin ta faɗo. Zagayen farko ɗaiɗai, na biyu bibbiyu, na uku uku-uku. Yarinyar da ke kwasar tsakuwa goma uku-uku ta san sau uku za ta kwasa, ɗaya ta rage. Ba ta san sunan wannan lissafi ba, amma yatsunta sun riga sun iya shi, kuma idan wata ta yi ha'inci nan take za a kama ta.

Maigatari: ranar Alhamis

Daga Gumel zuwa Maigatari tafiya ce 'yar gajeruwa, arewa sak, har bakin iyakar Nijar. Ranar Alhamis kasuwar ke ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Shanu, raƙuma, tumaki, awaki, dawaki da jakuna suna shigowa daga ƙasar Damagaram da gaba da ita, manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Alhamis kuma ita ce ranar hutun makarantar allo, don haka kasuwa da yara rana guda suke cika.

Yaron Maigatari ba ya buƙatar littafi mai hoto kafin ya san raƙumi. A bakin wani kududdufi da bai gama ƙafewa ba, can bayan gari, na tarar da yara maza suna ɗibar laka suna ƙera garke. Ba su yarda da saniya kowace iri ba. Wannan fara ce mai matsakaicin ƙaho, waccan ja ce mai dogon ƙaho irin ta Bororo, ga bijimi an ɗora masa tozo, ga raƙumi da aka yi wa ƙafafu da tsinke don laka ba ta ɗaukar tsawonsu. Wanda ya cika wa tasa ruwa sai wuya ya karye. Ya sake kwaɓawa, ya ƙara busasshiyar ƙasa, ya gwada. Babu wanda ya ce masa ya faɗi jarrabawa. Laka ce ta gaya masa, shi kuma ya gyara.

Da dabbobi suka sha iska sai aka buɗe kara, wato kasuwar dabbobi. Aka zana fili a rairayi, wani ya zama dillali, wani mai dabba, wani Alhajin da ya zo da mota daga Legas. Ganye ne kuɗi. Mai saye ya buɗe bakin saniya ya duba haƙori, ya taya; mai dabba ya kau da kai ya ce albarka; dillali ya ja wannan gefe ya raɗa masa, ya ja wancan, har aka sallama, ya miƙa hannu a ba shi la'ada. Can gefe wasu biyu sun gitta igiya a hanya, su ne kwastan, ba mai wucewa sai ya tsaya. Garin da ya ga an rufe iyaka a 2019 har zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba abin mamaki ba ne in shinge ya shiga wasan yaransa. Abin da ya dami manya, yara kan mai da shi wasa, su juya shi su sake juyawa har su fahimce shi.

Lissafin bakin iyaka ma iri biyu ne. Akwai naira, akwai sefa, kuma mutanen Nijar da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya tamma biyar. Yaron da ya taso yana jin haka, ninkawa da biyar a kunnensa take tun bai shiga aji ɗaya ba.

Sai dai a kasuwar nan ne kuma mutum zai ga inda wasa ya ƙare aiki ya fara. Yarinyar da ɗazu take sayar da tuwon ƙasa, ƙila yayarta 'yar shekara bakwai tana cikin kasuwa da farantin gyaɗa ko ƙullin ruwa a ka, tun safe har la'asar. A shekarun 1970 wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano tana nazarin rayuwar yara, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a wuyan yaran da ke kai talla da aike. Har yau haka abin yake a garuruwa da yawa. Talla tana koyar da lissafi da iya magana, ba musu. Amma mai talla ba ta da ikon ajiye faranti in ta gaji, ba ta da ikon sauya ƙa'ida, kuma in ciniki ya ɓaci faɗa ke jiran ta a gida. A wasa kuskure kyauta ne, shi ya sa yaro ke iya gwada abin da bai iya ba. A talla kuskure da kuɗi ake biyan sa.

Gagarawa: sai ciki ya ɗauka

Kudu da Gumel, layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. Ƙasar noma ce, ta gero da riɗi da zoɓo da wake. A ƙauyukanta na ga motocin kara da suka fi na ko'ina kyau. A ɓare bayan kara a fitar da siraran tsinkaye, a yanka farar totuwar ciki gunduwa-gunduwa, a riƙa sokawa ana haɗawa har tirela ta fito da kanta da bodinta. Taya kuwa daga tsohon silifa ake yanko ta. Mai ƙira yana gwada tsawon gatari da yatsa, in ɗaya ya fi ɗaya motar za ta karkace, kuma ƙannensa suna tsugune kewaye da shi suna miƙo kaya. Yaro ɗan shekara tara yana koyar da ɗan shekara huɗu, ba albashi, ba bulala.

Amma ba kowane yaro ke cikin da'irar ba. A gindin bango akan ga wanda ya zauna shiru, ido a buɗe, ba ya bin kowa, ba ya jayayyar komai. Uwaye kan yaba irin wannan su ce yaro ne mai haƙuri. Ma'aikatan lafiya sun san sau da yawa tamowa ce ke fara sallama da haka: yaron da abinci bai ishe shi ba, wasa yake fara ajiyewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Gagarawa na cikin ƙananan hukumomi uku na Jigawa, tare da Buji da Kirikasamma, da aka gudanar da shirin tallafin renon yara da Birtaniya ta ɗauki nauyi, wanda ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar. An fara da ba mace naira 3,500 kowane wata tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, haɗe da wayar da kai kan shayarwa da ciyarwa.

Abinci shi ne farko, amma ba shi kaɗai ba ne. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasunsu aka riƙa kai musu ziyara gida mako-mako har shekara biyu, ma'aikaciyar lafiya tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa daga tarkacen gida, ta riƙa yi masa magana, tana kiran sunayen abubuwa, tana yaba masa. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasan suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wasa da jan hankalin yaro cikin matakai goma na jinyar tamowa mai tsanani. Dalilin a bayyane yake: a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne yaro ya yi motsi ko sauti a mayar masa da martani.

A gidan Bahaushe wa ke mayar da wannan martani? Uwa, musamman ga ɗan fari, alkunya kan hana ta kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. Al'ada ba ta bar gurbin a buɗe ba. Kaka ce ke cike shi: ita ke kiran jikanta mijinta, ta tsokane shi, ta ce bai kawo cefane ba, ta ɗaga shi tana yi masa rawa. Goggo da inna da yayye mata su ke riƙe masa hannu yana tatata, su ke ɓoye fuska su buɗe yana ƙyalƙyala dariya. A wani gida da aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, wata tsohuwa ta fito da jikanta a kafaɗa tana ce masa, “Maigida, ga baƙo ka yi, me za ka yanka masa?” Yaron bai iya magana ba tukuna, amma ya dube ni, ya dube ta, ya yi gwalantu, ita kuma ta amsa masa kamar ya faɗi magana mai ma'ana. Abin da aka koya wa uwaye a Kingston ke nan. Duk shirin da zai zo ƙauyukan nan da batun wasa da jarirai, in ya tara matasan uwaye kaɗai ya bar kakanni a gida, ya bar ƙwararrun a baya.

Sule Tankarkar: farin wata

Yamma da Gumel, ƙauyukan Sule Tankarkar a warwatse suke cikin rairayi, da rugagen Fulani a tsakaninsu. Wanda ke son ganin dandali yadda yake, ya daidaita zuwansa da farin wata, bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Ana idar da sallar isha'i, an ci tuwo, sai fili ya fara cika.

Maza suka ja layin langa. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare na da wanda ake kira ruwa, shi ake so ya kai gaci, sauran suna kare shi suna ture abokan karawa. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Ƙarfi kaɗai ba ya ci. Sai an yi shawara wa zai tare, wa zai yaudara, ta ina ruwa zai sulale. Langa yanzu tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, tare da dambe da kokawa, amma a nan ba alƙali. Yara su ke kafa doka, su ke yanke hukunci, kuma sun san in gardama ta yi tsawo wasa ya watse, kowa ya yi asara. Ƙanana da ba su isa shiga ba suna gefe suna gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya, suna faɗuwa suna tashi.

'Yan mata sun yi da'irar gaɗa, tafi yana tafiya daidai da waƙa, mai bayarwa na bayarwa ana amsawa, ɗaya ta faɗo da baya sauran su tare ta su cilla. Kunnen da ya saba da kari da amsa-amo tun yana ƙarami, shi ne zai yi saurin rarrabe gaɓoɓin kalma ranar da aka fara koya masa karatu. Can kuma ana jini-jini: jagora yana jero sunaye da sauri, in mai jini ya kira a amsa, in ya sako dutse ko turmi a yi shiru, wanda bakinsa ya riga hankalinsa ya sha duka na wasa. Rarrabe mai rai da marar rai ke nan, haɗe da koyon danne harshe. Da dare ya yi nisa ƙanana suka koma gindin tsohuwa, aka shiga Gizo da Ƙoƙi, da kacici-kacici, da karya-harshe.

Da rana kuwa, a inuwar bishiya, dattawa ke buga dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Yara suna tsaye a kansu ba mai korar su, in manya sun tashi salla su gaje gurbin. Haka ake gadon wasa, da kallo da kwaikwayo.

Marubutanmu sun daɗe da gane darajar wannan taska. A farkon shekarun 1970 Umaru Dembo ya fitar da Wasannin Yara, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara jerin Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Sun rubuta ne lokacin da dandali ke cike. Yau ko a ƙauye ya fara raguwa. Inda aka sami mai faranti mai amfani da hasken rana da ke cajin waya, yara kan taru a bayan mai waya ɗaya su yi tsit. Gidan kallon ƙwallo ya janye manyan yara, su ne kuwa masu koya wa ƙanana. A cikin gari filayen unguwa sun zama shaguna da filoti, iyaye kuma ba su sakin jiki da fitar dare kamar da. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki a yini, kada kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya ga ɗan shekara biyu zuwa huɗu. Yaron ƙauyen Sule Tankarkar ya cika wannan ma'auni ba tare da ya taɓa jin labarinsa ba. Ɗan birni ne ke neman gazawa.

Bakin ƙofar aji

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugun 2004, ta ce wasa ne zai zama babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen firamare, bugun 2013 kuma ya shigar da shekara ɗaya ta share fage cikin ilimin bai-ɗaya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, wadda sashe na 31 nata ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa, kuma daga 2024 Majalisar ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. A takarda ba a bar komai ba.

A wani ajin ƙanana da na leƙa, yara sun cika ɗaki maƙil a kan tabarmi, malama ɗaya, tsumagiya a hannu, ana rera haruffan Turanci da ƙarfi ana maimaitawa. Da na yi mata zancen wasa sai ta ce, “Malam, ai ba a kawo mana kayan wasan ba.” Ta tagar ajin ana hango gonar da aka girbe cike da kara, da rairayi har bakin baranda. Ban ga laifinta ba. An koya mata cewa kayan wasa su ne na roba masu launi da ake saukewa daga mota, kuma iyaye in sun leƙo suka ga yara a ƙasa suna tsakuwa za su ce ba a karatu. Da yawansu sun riƙe cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, suna nufin horo da tsanani. Ɗanyen icce kuwa a hankali ake bi da shi, in an matsa ya karye.

Masu ganin wasa ɓata lokaci ne ba su da madogara ko a addini. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, ƙawayenta suna zuwa su yi wasa tare a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma jikokinsa sun hau bayansa yana sujada bai ture su ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha a littafinsa Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa in ya taso daga makaranta, domin hana shi da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa ya dushe basirarsa. Hutun Alhamis da Juma'a na makarantar allo ma shaida ne cewa malaman da sun san kai yana buƙatar sarari.

A garin Gumel akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, wadda ta faro tun zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuma daga cikinta malaman firamare da yawa na yankin nan ke fitowa. Ɗalibanta 'ya'yan ƙauyukan nan ne. Sun yi langa, sun yi carafke, sun ƙera motar kara. Abin da ya rage shi ne a nuna musu cewa abin da suka taso da shi hanyar koyarwa ce: a koyar da rabawa da tsakuwar carafke, a koyar da gaɓar kalma da tafin gaɗa, a buɗe kasuwar laka a kusurwar aji a yi ciniki da ganye, a gayyato tsohuwar unguwa ta yi tatsuniya ranar da aka ware. Aji mai cunkoso ma ya fi sauƙin riƙewa in an kasa shi rukuni-rukuni a inuwar bishiya, manya suna jan ƙanana, yadda suke yi da kansu a dandali. Masu unguwanni da dagatai kuma suna da ikon da ba ya cin ko kwabo: su hana a yanka filin wasan unguwa a sayar. Kuɗin da za a kashe wajen sayo kayan roba daga Kano, in an mai da shi ga abincin yaran da horar da malamansu, zai fi yin aiki, domin sauran kayan duk gona da kududdufi suna bayarwa kowace shekara.